Shagon Gundam a Tokyo, Inda Ko Ɓallin Roba Yana Da Lambarsa

Jama'ar Gombe, ina gaisuwa. Duk wanda ya zo Japan daga gida, ko kwas aka turo shi ko sarin kayan mota ya kawo shi, da ya samu hutun yini guda tambayarsa ba ta wuce ina za a je a kashe kwarkwatar ido, a kuma samo wa yara tsaraba. Ɗaya daga cikin wuraren da ake tura baƙo shi ne Odaiba, wani yanki na Tokyo da aka cike teku aka gina. Daga tashar Shimbashi ake shiga jirgin Yurikamome, wanda ba shi da direba, kwamfuta ke tuƙa shi. Ka nemi kujerar gaba don ka ga yadda yake haye gadar Rainbow, ka sauka a tashar Daiba, sauran tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa zuwa rukunin shagunan DiverCity.

Tun kafin ka iso ƙofa za ka hango shi: farin mutum-mutumin inji mai tsawon mita 19.7, wajen tsayin bene mai hawa shida, wanda aka kafa a 2017. A wasu sa'o'i da aka ƙayyade ƙahon da ke goshinsa yakan rabe biyu, sassan jikinsa su buɗe, fitilu su kama. Kallo kyauta ne. Wannan shi ne Gundam, sunan injinan yaƙi na wani zanen talabijin da aka fara nunawa a 1979, sai kamfanin Bandai ya fara sayar da ƙananansu na roba a 1980, kan yen 300. Shagonsu, Gundam Base, yana hawa na 7 na ginin.

Abin da zai fara ɗaure maka kai a ciki shi ne masu sayen. Yaran ba su kai manya yawa ba. Dattijo mai furfura, da kwat da jakar ofis, ya riƙe kwando yana juya kwali yana karanta bayansa kamar mai duba takardar fili. A ce Bappa ne aka gani a Jekadafari ya zauna a zaure yana harhaɗa ɗan mutum-mutumi, kafin la'asar an kira masu ruƙiyya. A nan ba wanda zai ko ɗaga ido ya dube shi.

To amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ka sayi kwalin, ka buɗe, ba za ka tarar da abin wasa a ciki ba. Firam-firam na roba ne a cikin leda, kowanne ɗauke da ƙananan sassa maƙale kamar 'ya'yan kanya a reshe, sai ɗan littafin bayani da takardar sitika. Kowane firam yana da harafinsa, A, B, C. Kowane sashi yana da lambarsa a jikin firam ɗin, kusa da inda ya maƙale. Littafin zai nuna maka da zane: ɗauki A12, haɗa da B7, ta wannan fuskar. Ba gam, ba ƙusa, ba waya, ba guduma. Ka danna da ɗan yatsa, ka ji ƙas, shi ke nan ya zauna. Gwiwa tana lanƙwasa, hannu yana juyawa, kuma in ka ɗaga masa hannu sama ka tafi, gobe a nan za ka same shi. Sashin da aka zuba bara yana shiga cikin wanda aka zuba bana, ba sai an fere ba.

A shagon akwai ɓangaren da suke nuna yadda ake yin aikin a masana'antarsu ta Shizuoka. Hanyar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen alminiyam: a narka, a zuba a mazubi, a bari ya huce, a fitar. Bambancin, nasu mazubin na ƙarfe ne da aka sassaƙa da awo, ba yashi ba, kuma injin yana iya tura roba kala huɗu cikin firam ɗaya a zubi guda, ja bai shiga fari ba, shuɗi bai taɓa rawaya ba. Shi ya sa ko ba ka yi fenti ba abin yakan fito da kalarsa.

Ga inda jikin mutum ke yin sanyi. In ka karya sashi guda, ko ya faɗi ya shige ƙarƙashin kabad, ba sai ka sake sayen kwali ba. Kamfanin yana da tsarin odar sashi ɗaya tak: ka ba su sunan kwalin, harafin firam da lambar sashin, ka biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba da kuɗin aikawa, in suna da shi a ajiye su turo maka ta gidan waya. Ɓallin robar da bai kai ƙwayar gyaɗa ba! Sai dai adireshin Japan suke aikawa, don haka wanda ya kai kayansa Tudun Wada ya karya, sai haƙuri da gam.

Yanzu ku tuna fankar tsaye da ke jingine a lungun ɗakin kowane gida, wadda ba abin da ya same ta sai ɗan maɓallin wuya da ya tsage. Ka kai wa mai gyara, ya juya ta, ya ce, “Yallaɓai, ba a kawo irin wannan, amma za a yi dabara.” Dabarar ita ce waya da tsumman roba. Ka ba mai walda aikin ƙofa, ya zo ya auna da ido da taku, ranar sakawa a tarar ta fi ramin da yatsa biyu, maimakon a rage ƙofa sai a kira birkila ya fasa bango. Ka sayi kwan fitila da mazauninsa a shago ɗaya, ka je gida su ƙi juna, ka dawo a nuna maka rubutun da ke ƙasan rasit cewa kayan da aka saya ba a dawo da su. Kuma ba rashin hannu ba ne. Yaron da ke yanka gwangwanin madara a Pantami ya fitar da tirela mai taya goma, da sitiyarin waya mai juya tayoyin gaba, ko wanda ke fere kara ya yi jirgin sama, ya san abin da yake yi sarai. Wa ya taɓa miƙa masa rula? Abin da yake ji shi ne, “Tashi ka bar wasan banza, je ka ɗebo ruwa.” A shagon nan kuwa, a cikin gilashi suke jera aikin waɗanda suka ci gasar haɗa Gundam ta duniya, wadda ake yi tun 2011, har da rukunin yara.

Wanda zai saya ya lura da haruffan da ke jikin kwali, don su ne girma da wahala. Entry Grade shi ne na ɗan koyo, sassansa kaɗan ne, ana iya ɓalle su da hannu. HG awonsa 1/144, wato kashi ɗaya cikin 144 na tsayin injin na asali, in an gama yawanci kusan santimita 13 ne, kuɗinsa yawanci tsakanin yen 1,000 da 3,000, kuma awa biyu zuwa uku sun ishi mai natsuwa. RG girmansu ɗaya da HG amma sassansa sun fi yawa da ƙanƙanta, kada kyan hoton ya ruɗe ka ka saya wa ɗan firamare. MG awonsa 1/100, kusan santimita 18, yana da ƙashin ciki da ake fara haɗawa kafin a lulluɓe. PG shi ne babban yaya, 1/60, kusan santimita 30, ya haura yen 10,000, wasu sun ninka haka, kuma kwalinsa kaɗai ya cinye rabin akwati. A jikin HG an rubuta shekara 8 zuwa sama, RG da MG shekara 15. Gidanmu kuwa ba a rasa mai rarrafe, komai ya gani baki yake kaiwa, don haka a yi haɗin a kan faranti mai baki, a sama, ba a kan tabarma ba.

Ka haɗa da ƙaramar filaya mai yanka, irin ta masu gyaran rediyo amma mai siririn baki, ana sayar da ita a wurin. Kafin komai ka gwada firam-firam ɗin da zanen shafin farko ka tabbata sun cika. Sassan da aka yi wa alamar X a zanen ba a amfani da su, kada ka ga sun rage ka ɗauka ka yi mantuwa. Kuskuren da kowa ke fara yi shi ne yanke sassan duka a tara su wuri guda. Lambar tana jikin firam ne, ba jikin sashi ba, da ka raba su ka zama mai neman allura cikin ruwa. Wanda littafi ya kira shi kaɗai za ka yanke. Yankan ma sau biyu ne: na farko nesa kaɗan da sashin, ka bar ɗan tsini, na biyu ka share tsinin a hankali. In ka matse filaya a jikin sashin tun farko, robar takan yi farin tabo wanda ba ya gogewa, a kan ja da shuɗi ya fi muni. Murɗawa da hannu ya fi wannan ɓarna. Akwai wasu ƙananan zobba na roba mai laushi da ke zama a gaɓoɓi, suna da gaba da baya, in ka juya su ɓarin biyu ba za su rufe ba. Da ka ji abu ya ƙi shiga, kai ne ka yi kuskure, ba masana'anta ba. Kada ka danna da ƙarfi irin na mai sa taya, ka zura farce ko siririn abu ka raba, ka sake duba zanen. Ƙahon goshi shi ne na farko a karyewa, a bar shi sai ƙarshe.

Wurin yana da nasa takaicin. Ranar Asabar da Lahadi, ko ranar da sabon kaya ya fito, sukan taƙaita shiga, sai da tikiti ko rajistar intanet tun kafin ranar, ka duba shafinsu kafin ka ɓata kuɗin jirgi. Wanda ka gani a hoto ka ƙwallafa rai a kai sau da yawa ya ƙare, kuma in ya ƙare ya ƙare, babu yaron shago da za a tura maƙwabta ya karɓo. Kayan da ake rububi a kai sukan ƙayyade guda nawa mutum ɗaya zai ɗauka, saboda masu sara su sayar da tsada a intanet, don haka mai shirin cika buhu ya buɗe tebur a Babbar Kasuwa ya sauya shawara. Ciniki babu. Kuɗi ma ba a hannu kake miƙawa ba, a ɗan faranti kake ajiyewa, a irga maka canji har yen ɗaya, a rusuna, a kira na bayanka. Leda ta kuɗi ce a shagunan ƙasar tun 2020. Komai daidai, komai tsaf, amma ba mai ce maka, “Hamma, ya gida, ya yara?”, ba benci, ba ruwan sanyi, ba gyara. A nan kam mutum yakan yi kewar ɗan kasuwar da zai riƙe ka da hira rabin awa, ya yi rantsuwa bai ci riba ba, ya kuma ce ka tafi da kayan ka kawo kuɗin ranar Juma'a.

Harajin saye kashi 10 ne cikin ɗari. Baƙo mai bizar ziyara yana iya samun rangwamensa a shagunan da suka manna alamar hakan, in ya sayi na yen 5,000 ko fiye a rana ɗaya ya nuna fasfonsa na ainihi, ba hoto a waya ba. Ɗalibi ko ma'aikaci mai katin zama ba ya ciki. Firam ɗin da aka gama cirewa suna da akwatunan tattara su don sake narkawa tun 2021, abin da suke ta yayatawa, alhali 'yan jari-bolarmu sun daɗe suna bin gida-gida kan irin wannan, har da biyan kuɗi.

Wajen haɗa kaya, kwalayen ba nauyi gare su ba, wuri suke ci. Masu sabo sukan fitar da ledojin su jera tsakanin tufafi, su buɗe kwalin ya kwanta a ƙasan akwati. Filaya da wuƙar fere su shiga akwatin awo, ba jakar hannu ba. Fentin feshi na gwangwani kuwa kada ma ka saya, jirgi ba ya ɗauka. In an iso gida, kada a bar kayan a bayan mota cikin zafin Maris da Afrilu, siraran sassan sukan tanƙware, farar robar kuma in tana shan rana ta taga takan koma rawaya. Da hunturu ya shigo ƙura za ta cika kowane lungu na jikinsa, tsumma kuma karya shi yake yi, sai dai burushin fenti mai laushi. Wanda bai da kabad mai gilashi ya kifa masa babbar robar alewa mai haske, irin ta masu tireda, HG yana shiga har da sauran wuri.