Steam: ni dai sai an yi rangwame

Gaskiya mai siyan gem a Steam, shagon gem ɗin kwamfuta na intanet, ranar da ya fito ban san saurin me yake ba. Dala 60 ko 70 fa, ka juya shi zuwa naira ka gani. In ka haƙura zuwa rangwamen Yuni ko na Disamba wani sai ka same shi rabin kuɗi, kuma lokacin sun gyara matsalolin da ya fito da su. Ka sa shi a wishlist kawai, wato jerin waɗanda kake son siya, kuɗinsa na sauka za su turo maka imel. In bai maka ba suna maido kuɗi, matuƙar ba ka buga awa 2 ba kuma ba a wuce kwana 14 ba. Gem ɗin ƙwallo ne dai jiransa ke da wuya, kafin kuɗinsa ya sauka abokai sun ƙware sai dai su yi ta zura maka.