Wata huɗu da na'urar ji a kunnena

Shekara 18 na yi a wata masaƙa a Kakuri da ke Kaduna, cikin rugugin injuna tun safe har la'asar, ba a taɓa ba mu abin toshe kunne ba. Ban san a can na baro jina ba sai da uwargida ta fara cewa, "Malam, sau uku fa ina kiranka." Ni kuwa in ce ita ce ke magana ciki-ciki. Muryar ina jin ta, kalmomin ne ba sa fita, musamman na mata da yara.

Wurin gwajin ji ba ni da ƙorafi ko kaɗan. An sa ni a wani ɗan ɗaki da hayaniya ba ta shiga, aka ce in danna maɓalli duk sa'ad da na ji sauti. Ma'aikaciyar ta nuna mini takardar, layin ya taho lafiya sannan ya faɗa rami daidai lamba 4000, wato wajen siraran sautuka. Ta ce wannan tambarin ƙarar inji ne, kuma sautuka irin su "s" da "f" da "sh" a saman nan suke, shi ya sa su ne suka fara ɓace mini. Da Hausa ta yi mini bayanin, ba gaggawa. Allah ya saka mata.

Ranar da aka maƙala mini na'urar a bayan kunne na ji ƙarar takalmina a kan siminti. Da na isa gida jikata ta yi mini raɗa don ta gwada ni, na maimaita mata abin da ta ce. Wallahi sai da na yi ƙwalla. A ranar da an tambaye ni, cewa zan yi kowa ya je ya saya.

To amma Juma'a ta biyu. Ina sahu na biyu, liman ya kai mu sujada, masallaci ya yi tsit, ashe na'urar fito take yi. Ni ban ma ji sosai ba, domin irin siririn sautin da na rasa ne. Raka'a biyu tana yi. Bayan sallama wani dattijo da ke gefena ya juyo ya ce, "Alhaji, a riƙa kashe waya mana, nan ɗakin Allah ne." Mutane suka waiwayo. Na rasa bakin magana, ban iya ce masa ba waya ba ce. Tun da nake ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har Juma'a ta zagayo ina fargabar komawa.

Daga baya na gane dalili. Robar da aka zuba daidai da ramin kunnena ba ta zauna daram ba, sai sauti ya zuraro ya koma cikin makirufo, hula kuma idan ta matso sai abin ya ƙaru. Kuskuren awo ne, ba nawa ba. Na koma, aka ce mai yi ya yi tafiya. Na sake komawa, aka ce kayan zubi sun ƙare. A na uku aka sake awon, sannan aka miƙo mini takardar biyan kuɗi. A kan me? Na biya, domin ba ni da zaɓi, amma raina bai daina ɓaci ba.

Sai batiri. Lamba 13 nake sa wa, mai tambari ruwan lemo, kwana bakwai zuwa goma ya tafi. Ba wanda ya gaya mini cewa da iska yake aiki, da zarar ka ɓare takardar bayansa ya fara ci ko ba ka sa shi ba. Guda biyu na yi asara haka. Kemis ɗin unguwa ba su da shi, na agogo kuma ba ya yi. Ga cirewa a kowace alwala, ga ƙurar hunturu da ke toshe bututun.

Na'urar kanta tana aiki, ba zan zalunce ta ba. Yanzu da ni ake hira a majalisa, rediyo ma na rage masa murya. Idan ta lalace zan sayi wata, amma ba a wurin nan ba, kuma kafin in ba da ko sisi sai an gaya mini wa zai biya idan robar ba ta zauna ba. Fiton ya daina, amma har yau kafin kabbarar harama sai na kai hannu na danna ta.