Jirgin gaɓar Norwe a tsakiyar sanyi: kayan da za a ɗaura da abin da ake biya idan tafiya ta wargaje

Kusan kowane dare da ƙarfe 8:30 jirgin ruwa yana tashi daga Bergen, ya bi gaɓar tekun Norwe har Kirkenes da ke dab da iyakar Rasha, sannan ya juyo. Tashoshi 34 ke kan hanyar, zuwa da dawowa kuma kwana 12 ne. Tun 1893 ake wannan zirga-zirga, lokacin da kyaftin Richard With ya fara kai wasiƙu da mutane daga Trondheim zuwa Hammerfest. Yanzu kamfanoni biyu ke raba ta a ƙarƙashin yarjejeniya da gwamnati: Hurtigruten mai jirage bakwai a layin, da Havila da ya shigo a ƙarshen 2021 mai jirage huɗu.

A ganinmu tafiyar ta ci kuɗinta, amma ga wanda ya gane irin jirgin da ya shiga. Jirgin aiki ne. Yana sauke kaya, yana ɗaukar mutanen ƙauyukan masunta, wata tashar ma minti 10 ko 15 kacal yake yi. Babu gidan rawa, babu daren da ake dole sai an sa kwat. Jiragen Havila sabbi ne, suna aiki da gas da manyan batura, ɗakunansu sun fi yalwa, abinci kuma zaɓa ake yi a kawo maka tebur. Na Hurtigruten sun fi shekaru, da safe da rana kowa ɗiba yake da kansa. Kifi ya wadata a duka biyun, saboda haka mai kiyaye halal ba zai kwana da yunwa ba, sai dai ya riƙa tambaya game da miya da kayan zaƙi, don akan sa giya a wasu. Mai zuwa tsakanin Nuwamba da Maris ya cire Geiranger, sanannen mashigin tekun da ke tsakanin duwatsu, daga lissafinsa, na bazara ne.

Sanyin gaɓar ba ya kai yadda taswira ke tsoratarwa, domin ruwan ɗumi da ke gangarowa daga Atilantika yana hana tashoshin daskarewa. Bergen a Janairu tana ɗan sama da sifiri, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Tromso kan sauka ƙasa da sifiri kaɗan. Kirkenes ce mai cizo, tana iya kaiwa digiri 20 ƙasa da sifiri ko fiye. Amma iska ce ke kayar da mutum. Jirgi yana gudu, iskar teku tana bugowa, kai kuma kana tsaye a saman bene tsakar dare kana jiran hasken arewa, wato hasken nan mai launi da kan bayyana a sararin sama da dare a can arewacin duniya. Rigar sanyin da ta ishe ka hunturun Jos ko Zariya ba za ta yi minti biyar a wurin ba.

Hawa uku ake sa tufafi. Na jikin fata ya zama ulu mai laushi, irin na tumakin merino, riga da wando, saiti biyu. Auduga ce babban kuskuren baƙi: tana shan gumi, ta riƙe shi, da ka tsaya da tafiya sai ta zama jiƙaƙƙen tsumma a bayanka. Singileti da wandon jins duk a nan suka faɗa. Ulu kuwa ko ya jiƙe yana riƙe ɗumi, kuma ba ya saurin wari, ana iya maimaita shi kwana uku. Hawa na biyu suwaita ce ta ulu ko ta fulis, guda biyu, ɗaya mai kauri ɗaya sassauƙa. Na waje shi ne jaket mai hula da wandon da iska da ruwa ba sa ratsawa. Jaket mai cike da gashin agwagwa tana da ɗumi ƙwarai a busasshen sanyin Kirkenes, amma ruwan Bergen na taɓa ta sai gashin ya dunƙule ta zama banza, don haka a sa ta a ƙarƙashin mai hana ruwan. Dalilin hawa-hawan shi ne cikin jirgi da ɗumi kamar falo, kuma za ka fita ka shigo sau goma a yini. Mata masu abaya ko hijabi sai su sa wandon ulun a ciki, su zaɓi hijabin da iska ba za ta yi ta kaɗawa ba, ga hula a ƙarƙashinsa.

Takalmi ya zama but mai hana ruwa, ya ɗara ƙafarka da lamba ɗaya. Wanda ya matse yana tauye jini, kuma ƙafar da jini bai zagaya ba ko safa uku ba za ta ɗumama ta ba. Safar ulu biyar ta isa, tunda akwai injin wanki a jirgin. Sai ƙusoshin ƙarfe masu madaurin roba da ake ɗaurawa a tafin takalmi, waɗanda mutanen ƙasar ke kira brodder. Titunan Tromso da Honningsvag kan narke da rana su daskare da dare, su zama kamar madubi, kuma karayar hannu daga santsi ta fi kusa da baƙo fiye da duk wani haɗarin teku. A cire su kafin shiga jirgi ko kanti. Safar hannu biyu: siririya mai yatsu don danna waya, da babba mai haɗe yatsu wuri ɗaya a kanta. A ƙara hula mai rufe kunne, da abin rufe wuya, da ɗan ƙyalle mai walƙiya a hasken mota, domin a Tromso rana ba ta ɓullowa daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. Wannan duhun yana rikita lokutan salla, gara mutum ya tambayi malami tun yana gida yadda zai ƙaddara su.

Man kaɗanya na yi wa leɓe da fuska aiki sosai. Sanyi yana zuƙe batir, saboda haka waya ta zauna a aljihun ciki. Kyamara kuwa a sa ta a leda a ɗaure kafin a shigo da ita ɗumi, in ba haka ba raɓa ta kwanta a cikin gilashinta. Soket ɗinsu mai ramuka biyu zagayayyu ne, filogin Najeriya mai ƙafa uku ba ya shiga sai da adafta. Katuwar rigar dusar ƙanƙara ba sai an saya ba, masu yawon keken karnuka da babur ɗin ƙanƙara sukan ba da aronta. Duk wannan yana shiga akwati ɗaya mai kilo 23, amma saitin ulu ɗaya da magunguna su kasance a jakar hannu, jaket da but kuma a jiki, ko da jirgin sama zai makarar da akwati.

Mafi yawan hanyar a bayan tsibirai take, ruwa lumui. Wuraren da ake fita fili sanannu ne: Stad a daren farko zuwa asuba, Hustadvika tsakanin Molde da Kristiansund, Folda kafin Rorvik, Vestfjorden tsakanin Bodo da Lofoten, sai gaɓar tekun Barents a ƙarshen arewa. A Hustadvika ne injinan jirgin Viking Sky suka mutu a Maris 2019 cikin guguwa, da mutum sama da 1,300 a ciki, har aka kwashe ɗaruruwa da helikwafta. Mai saurin jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi a benen ƙasa, ya sha magani kamar awa ɗaya kafin a isa wurin. In amai ya fara, ƙwayar ba ta zama a ciki.

Wannan iskar ce ke kawo rigimar kuɗi. A lokacin sanyi ba abin mamaki ba ne kyaftin ya tsallake ƙananan tashoshi irin su Berlevag da Mehamn, ko a rufe hanyar mota zuwa Nordkapp, tsaunin bakin teku da baƙi ke ziyarta daga Honningsvag, ko jirgi ya kwana a tasha ana jiran guguwa ta wuce. Abin da za a biya ka ya danganta da irin tikitin da ka yanka.

Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1177/2010, wadda Norwe ma ke aiki da ita, ta tanadar wa fasinjan tasha zuwa tasha abubuwa ƙarara. In an soke tashi ko an makara fiye da minti 90, zaɓi naka ne: a kai ka ta wata hanya ba ƙarin kuɗi, ko a maido maka kuɗin tikiti cikin kwana bakwai. Ana ba da abin ci da sha, in kwana ya kama kuma a ba da masauki, wanda kamfani zai iya taƙaitawa ga Yuro 80 a dare har dare uku. Makarar isa tana jawo diyyar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti: awa ɗaya a tafiyar da ba ta wuce awa huɗu ba, awa biyu a ta huɗu zuwa takwas, awa uku a ta takwas zuwa 24, awa shida a wadda ta fi haka. In makarar ta ninka, diyyar ta koma kashi 50. Sai dai in yanayi mai haɗari ne sanadi, diyyar da masaukin duk sun faɗi, maido da kuɗi ko sauya hanya ne kawai ke nan daram. In inji ne ya lalace don rashin kulawa, nan kamfani ba shi da mafaka. Shi ya sa tambayar farko a teburin karɓar baƙi ita ce a rubuta maka dalilin sokewar.

Dokar ta cire masu tafiyar shaƙatawa zalla mai fiye da dare biyu daga wannan diyya ta makara da zaɓin sauya hanya. Wanda ya sayi zagayen da ɗaki da abinci a dunƙule, dokar ƙunshin tafiya ta 2015/2302 ce ta fi tsare shi. In kamfani ya soke kafin tashi, kuɗinka gaba ɗaya cikin kwana 14, kuma ba dole ne ka karɓi takardar bashi ta wata tafiyar a madadinsa ba. In an gutsure babban ɓangare bayan an tashi, kamar a juya tun kafin Kirkenes, kana da damar neman ragin farashi ko da yanayi ne sanadi, ƙarin diyya ne kawai babu. Tsallake tashar minti 15 kuwa da wuya ya kawo ko sisi, sharuɗɗan tikitin sun ba kyaftin wannan ikon. Kuɗin yawon da aka soke ana maidowa in a wurin kamfanin ka saya. In a waje ka shirya da wani, tsakaninku ne.

Kamfanonin biyu suna da alkawarin hasken arewa ga masu cikakken zagaye a lokacinsa: in bai bayyana ba, a ba ka wata tafiyar ta kwana shida ko bakwai kyauta. Alkawarin na gaske ne, amma da zarar ma'aikata sun gan shi sun sanar, an sauke nauyi, ko kana barci. Tikitin jirgin sama na komowa kuma daga aljihunka.

Ƙorafi a ƙarƙashin dokar 1177 sai a rubuce, cikin wata biyu daga ranar tafiyar. Kamfani zai amsa cikin wata ɗaya, hukuncinsa na ƙarshe kuma kada ya wuce wata biyu. In bai gamsar ba, akwai hukumomin sauraron ƙorafi na Norwe: Transportklagenemnda ga fasinjoji, da Pakkereisenemnda ga masu ƙunshin tafiya. A adana rasit na otal da tasi da abinci, a ɗauki hoton sanarwar da aka liƙa. Kayanka na cikin ɗakin jirgi da suka lalace a fili, a sanar a rubuce kafin sauka. Ɓarnar da ba ta fito ba sai daga baya, kwana 15 gare ka.

Ramin da babu dokar da ta cike shi ne tikitin jirgin sama da aka saya daban. In ya makara jirgin ruwa ya tashi, ba mai biyan ka, sai dai ka bi shi Alesund ko Trondheim da kuɗinka. A isa Bergen kwana ɗaya kafin tashi, a bar kwana ɗaya bayan dawowa. Inshorar da ake nema don bizar Shengen, mai Yuro 30,000, ta asibiti ce da maido da mara lafiya gida. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ya ƙara wadda ta ambaci sokewa da katsewar tafiya da rasa jirgi, ya kuma nemi biza mai rarar kwanaki, domin guguwar kwana biyu na iya tura shi bayan ranar ƙarewarta.