Faifai shida na Eagles a tsohuwar motata: abin da kunnena ya ji cikin wata uku

Wata uku ke nan faifan nan shida ba su bar motata ba. Aiki yana sa ni zirga-zirga tsakanin Kano da Zariya kusan kowane mako, motar kuma tsohuwa ce, irin waɗanda har yanzu suke haɗiye faifan CD, don haka na samu damar jin su ciki da bai, ba irin sauraron waya ba da mutum ke tsallake waƙa tun ba ta kai rabi ba. Sunan akwatin The Studio Albums 1972–1979, an fitar da shi a 2013, kuma ya tattara albam shidan da ƙungiyar Eagles ta Amurka ta yi kafin ta watse a 1980.

Ƙanen maiɗakina da ke karatu a Ingila ne ya yi mini tsarabarsa. Na hannu ya samo, a wurin wani mai sayarwa ta intanet da ya rantse masa cewa sabo ne fil. Ashe ba haka ba ne. Faifai na uku ya zo da karce, yana sarƙewa a waƙa ta biyu, kuma ban tarar da ko takarda ɗaya ta baitoci ko ta bayani a ciki ba. Kowane faifai na cikin 'yar rigar kwali mai hoton bangonsa na asali. Suna da kyau a ido, amma kwali da ƙurar hunturu ba sa ga maciji, sai da na saya musu jakar faifai a sati na biyu.

Kunnena ba baƙon kiɗan Amurkawan karkara ba ne. A Fijo 504 ɗin Kawuna na girma, kasat biyu kuma ba sa barin aljihun motar nan, na Don Williams da na Kenny Rogers. Shi Kawu waƙar kaboyi yake ce musu. Eagles kuwa waƙarsu ɗaya tak na sani, ta otal ɗin Kalifoniya, sai na ɗauka masu hayaniyar jita ne kawai. Faifan farko ne ya ƙaryata ni tun kafin in wuce Kwanar Ɗangora.

Haɗin muryarsu ne ya kama ni. Mu da muka tashi da jin Ɗanƙwairo da Shata, amshi a wurinmu shi ne ubangida ya ja baiti, yaransa su karɓa. Nan ba haka ake yi ba. Mutum huɗu ne ke furta kalma ɗaya a lokaci ɗaya, amma kowa a nasa hawan: ɗaya a ƙasa, biyu a tsakiya, sai Randy Meisner can sama da siririyar muryarsa, kamar igiyar da aka tufka da zare huɗu. In ka yi ƙoƙarin bin murya ɗaya sai ta ɓace maka cikin sauran. Na sha rage gudu in maida "Peaceful Easy Feeling" baya don in tsinci wane ne wane, har yanzu ban gama rarrabe su ba.

Su huɗun a Los Anjalis suka haɗu a 1971, babu ɗan garin a cikinsu. Glenn Frey daga Detroit ya zo, Don Henley mai ganga daga Teksas, Meisner daga Nebraska, Bernie Leadon kuma haifaffen Minnesota ne. Dukansu sun taɓa yi wa mawaƙiya Linda Ronstadt kiɗa kafin su kafa tasu ƙungiyar. An kai su Landan a farkon 1972 suka ɗauki albam na farko a hannun furodusa Glyn Johns, Baturen Ingila da ya yi aiki da Rolling Stones da The Who. Da farko ma bai so ya karɓe su ba, don bai ga wani abin a zo a gani a kiɗansu na rok ba. Sai da ya ji su suna rera wata waƙa mai sanyi da muryoyi huɗu sannan ya amince. Duk abin da ya biyo baya a faifan nan shida, a ganina, gardamar nan ce ake ci gaba da yi: shi yana son muryoyin, su Frey da Henley suna son tsawar jita.

Albam na farko ba cikakke ba ne. Akwai waƙoƙi biyu ko uku da ake jin cike gurbi aka yi da su. Amma "Take It Easy", wadda Frey ya ƙarasa wa mawaƙi Jackson Browne, tana da wani abu da sai a lasifikar mota na lura da shi: banjon Leadon na gudu a ƙarƙashi, ninki biyu na saurin waƙar, yana tsattsage kamar gurmi a hannun gwani. Ba mamaki kunnen Bahaushe ya ji shi kamar na gida, tunda asalin banjo daga molayen Afirka ta Yamma ne, bayi suka ƙetara teku da iliminsa. Waƙar ta kai ta 12 a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, "Witchy Woman" kuma ta 9.

Faifai na biyu, Desperado na 1973, shi ne wanda kasuwa ta juya wa baya, kuma shi na fi sakawa. A na 41 ya tsaya a jadawali. Labari ɗaya suka gina shi a kai, na 'yan fashin gidan Dalton da aka harbe a garin Coffeyville na jihar Kansas a 1892 lokacin da suka yi yunƙurin fasa banki biyu a rana ɗaya. A bayan bangon ga 'yan ƙungiyar nan kwance a ƙasa an ɗaure su kamar gawarwaki, furodusan nasu na tsaye cikin waɗanda suka kama su. Manufarsu wai a kwatanta rayuwar mawaƙi da ta ɗan fashi, kwatancin da ni dai nake ganin akwai son kai a ciki. Yaran da kamfani ya biya wa kuɗin jirgi zuwa Landan ba su san gudun tsira da rai ba. Amma kiɗan ya wanke su. "Saturday Night" tana tafiya a hankali da mandolin, muryoyin na shigowa ɗaya bayan ɗaya kamar masu shiga zaure da sallama. "Bitter Creek" ta Leadon jita ce ta katako kawai da ɗan kaɗe-kaɗe, sai amon muryoyi a baya. Na taɓa jin ta da almuru, ƙura ta rufe rana, tireloli sun kunna fitila, ban san lokacin da na wuce mahaɗar da zan karya ba. Ita kuwa waƙar da aka sa wa albam ɗin sunanta, wadda yau ake rera ta ko'ina a duniya, ba su ma fitar da ita a faifan waƙa ɗaya ba a lokacin. Ronstadt ce ta sake rera ta a shekarar, ta ƙara mata farin jini.

Faɗuwar nan ta yi musu ciwo, kuma ana jin haka a On the Border na 1974. Suka raba gari da Glyn Johns aikin bai yi nisa ba, suka koma Amurka wurin Bill Szymczyk, suka ɗauko Don Felder don ya ƙara wa jita kaifi. Abin dariyar shi ne, waƙarsu ta farko da ta hau na ɗaya a Amurka, "Best of My Love", tana cikin guda biyun da suka rage daga aikin mutumin da suka sallama, kuma irin mai sanyin nan ce da yake ta roƙon su yi. Wannan faifan ne mai karce, don haka ban ba shi haƙƙinsa ba. Abin da na riƙe a ciki shi ne "My Man", ta'aziyyar Leadon ga abokinsa Gram Parsons da ya rasu a 1973.

One of These Nights na 1975 ne ya mai da su manya. Shi ne albam ɗinsu na farko da ya kai na ɗaya, "Lyin' Eyes" ta samo musu Grammy, babbar lambar yabon mawaƙa ta Amurka, Meisner kuma ya hau can ƙololuwar muryarsa a ƙarshen "Take It to the Limit". Komai a goge yake, sumul. Sai dai a nan za ka ji Leadon ya zama baƙo a gidansa. An bar masa wani dogon kiɗan banjo marar baiti, sama da minti shida, wanda bai yi kama da komai a faifan ba. A ƙarshen shekarar ya tafi, bayan ya juye wa Frey giya a ka ana tsakiyar taro. Joe Walsh ya maye gurbinsa, banjo kuma ya bi mai shi.

Hotel California ya fito a Disambar 1976. Ba zan yi ƙaryar cewa bai burge ni ba. A cikin shidan, shi ne wanda sautinsa ya fi cika mota, kana jin kowace ganga daban. Musayar jita tsakanin Felder da Walsh a ƙarshen babbar waƙar, inda suke mayar wa juna martani har su haɗe, ta cancanci duk yabon da take sha. Haɗin muryar ne ya tashi daga maƙogwaro ya koma kan tsirkiya. Waƙar ta ci Grammy a 1978, ko da yake kyautar albam na shekara Fleetwood Mac ne suka tafi da ita. Wani abokin tafiyata ya ce in kashe, wai ya ji an ce waƙar matsafa ce. Na ce masa, "Malam, su masu waƙar sun sha bayani, kan shagala da almubazzarancin rayuwar Amurka suke magana." Bai gamsu ba, na sauya faifai. A nan zan ce wa mai iyali ya lura: akwai zancen giya da ƙwaya da sharholiya a waƙoƙi da dama, musamman "Life in the Fast Lane", kuma yadda suke siffanta mata sau da yawa bai yi mini ba, kullum mace ce mayaudariya, namiji ne abin tausayi. In yara na mota ba na saka faifai biyun ƙarshe.

Masu sharhin kiɗa na lokacin ba duka ne suka so su ba. Robert Christgau, ɗaya daga cikin fitattunsu, tun 1972 ya rubuta ƙarara cewa ya tsane su. Ƙorafin da aka fi yi shi ne sun cika gyara, komai a lissafe, babu gumi babu kuskure. Jama'a kuwa ba su saurari masu sharhi ba. Tarin fitattun waƙoƙinsu na 1971 zuwa 1975, wanda ya fito a 1976, shi ne albam na farko da aka ba shaidar platinum a Amurka, wato ta sayar da kwafi miliyan ɗaya, a 2018 kuma aka tabbatar masa da kwafi miliyan 38, Hotel California miliyan 26. Abin lura, wancan mai miliyan 38 ɗin duk waƙoƙin zamanin Leadon ne. Ni a kan faifai biyun farko ban yarda da masu sukar ba, don gyaran murya ba laifi ba ne, aikin ke nan. A kan na ƙarshe kuwa ina bayansu.

The Long Run na 1979 gajiya ce zalla. Sun shafe kusan shekara ɗaya da rabi suna fama da shi, da niyyar faifai biyu, suka ƙare da waƙa goma. Meisner ya riga ya tafi a 1977, bayan rigima kan ƙin hawa waccan doguwar muryar ta "Take It to the Limit" a dandali kowane dare. Timothy B. Schmit ya gaje shi, kamar yadda ya taɓa gadarsa a ƙungiyar Poco shekaru kafin nan, kuma waƙarsa "I Can't Tell You Why" ita ce abin da ya fi daɗi a faifan. Albam ɗin ya kai na ɗaya, "Heartache Tonight" ta ci Grammy, amma zaman doya da manja ake yi. Ranar 31 ga Yulin 1980, a Long Beach, a wani wasa na tara wa Sanata Alan Cranston kuɗi, Frey da Felder suna kiɗa suna yi wa juna alƙawarin duka in an sauka. Sai bayan shekara 14 suka sake haɗuwa.

Babban giɓin akwatin a wurina shi ne rashin "Seven Bridges Road", wadda suke buɗewa da muryoyi biyar babu kayan kiɗa ko ɗaya. Tana cikin albam ɗin wasan dandali na 1980, don haka ba ta shiga nan ba. Sai a waya na nemo ta. Wanda ke son manyan waƙoƙin kawai, tarin fitattun ya ishe shi, ba sai ya wahalar da wani ɗan'uwa a Ingila ba. Wanda kuma yake son ya ji yadda ƙungiya ke sauya fata a cikin shekara bakwai, daga jitar katako zuwa ta lantarki, kwalliya za ta biya masa kuɗin sabulu, in dai ya duba bayan kowane faifai kafin ya biya. Biyu daga cikin huɗun farko sun riga mu gidan gaskiya, Frey a Janairun 2016, Meisner a Yulin 2023.

Makon jiya na ɗauko Kawu daga asibiti, an duba masa ido. Na saka masa Desperado ban ce komai ba. Ya yi shiru har waƙa ta huɗu, yana ɗan buga yatsa a gwiwa. Can ya ce, "Kai, waɗannan su nawa ne ke waƙar?" Na ce, "Su huɗu ne, Kawu." Ya girgiza kai ya ce shi biyu yake ji. Da muka iso ƙofar gida bai buɗe mota ba sai da waƙar ta ƙare, sannan ya tambaye ni ko ana samun ta a kasat.