Wurin kur ɗin yamma na Ali Ɗan Sofo, ƴan mata na samun kulawa, samari sai tsawa

Masu tambayata ta WhatsApp kan wurin kur (darasin ƙari bayan lakol) ɗin nan na unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi da na sa yarana biyu masu shirin burbe (jarabawar ƙarshen koleji), ɗiyata da ɗan ƙanena da ke hannuna, to ga abin da na gani. Jikka biyar ne a wata kowane yaro, lissahi da faransanci da fizik, kuma gaskiya mushen lissahin ya iya aikinshi, yarinyar da ke fama da 9 bisa 20 yanzu ta haye 12.

Amma abin da ya fi burge ni wata madan ce da ke tsayar da ƴan matan ran Asabar bayan darasi, ba karatu ba, hira kawai. Ashe ɗiyata duk da ta fi yaron maki ita ce ba ta barci in kompozisiyo ta matso, ciwon kai, kuka a ɓoye, tana ganin in ta faɗi shikenan sai zancen aure, ku kun san garinmu, a Nijar wajen 76 cikin 100 na ƴan mata ana aurar da su kahin shekara 18, ko da yake tun 2017 akwai dokar da ta ce a bar yarinya a lakol har 16. Madan ɗin ta gano, ta kira ni, Hajiya ki rage mata wanke-wanke da daka har a gama jarabawa. Na rage.

Shi kuwa yaron ba wanda ya tambaye shi me ke damunshi. Makinshi ya sauka, ya koma ƴan bayan aji, ya fara zancen shi kabu-kabu zai yi ko ya bi masu kai kaya Jibiya tunda abokanshi na samun kuɗi, abin da suka iya kawai tsawa da kora waje, wai namiji ne ya daure. Haba, ɗan shekara 15 fa! Na yi ma direktan magana ya ce za su duba, har yau shiru.

Sai lokacin tashi, wani bi har bayan magariba, mai ɗiya mace da ke nesa kamar unguwar Zariya ko Bagalam sai ya tanadi mai ɗauko ta. Ajin ma ya cika, fanka ɗaya. Ɗiyata za ta ci gaba da zuwa, yaron kam ina neman mishi wani malami a gida.