Masu wankan jego na haya a Garwa: inda suka yi, da inda sai an taka musu burki

A da mai haihuwa gida take tafiya wanka, uwa ko gwaggo ta tsaya mata har arba'in. Yanzu a Garwa, Marwa da Ngaundare da ke arewacin Kamaru mata da yawa a ɗakinsu suke jego, don haka ake ɗaukar dattijuwa ta riƙa zuwa safe da yamma. Ita za ta hura wuta, ta dafa ruwa da ganyen darbejiya ko na tsamiya, ta yi wa mai jego wanka, ta gasa mata jiki, ta dama kunu, ta wanke jariri. Ana yin jinga ko dai zuwa suna ko zuwa arba'in, itace da sabulu kuma na maigida ne. Hukuncinmu a kan wannan hidima: ta cancanci kuɗinta, amma da sharaɗi.

Babban amfaninta hutu ne. Matar da ta haihu jiya bai kamata ta ɗauki bokiti ko ta duƙa bakin murhu ba, ƙashin ƙugu da naman mara ba su koma ba tukuna. Gashin baya da cinyoyi da tsumma mai ɗumi, sannan a murza da man kaɗanya, yana sassauta ciwon jiki ƙwarai, kuma yawancin masu wankan hannunsu ya faɗa a nan. Haka shafa mara a hankali. Bayan haihuwa ana jin mahaifa da tauri daidai cibiya, kullum tana sauka kamar faɗin yatsa ɗaya, zuwa kwana 10 ko 14 ba a ƙara jin ta daga sama, a mako 6 ta koma gidanta. Mai wankan da ta san haka ba ta danna ciki da ƙarfi wai don "ta fitar da dattin da ya rage".

Inda muke ja da su, na farko shi ne zafin ruwa. Har yanzu akwai masu tsoma ganye a tafasasshen ruwa su fyaɗa wa mace a jiki, wai sai ta dahu sanyi zai fita. Ruwan da ya kai digiri 60 cikin daƙiƙoƙi kaɗan yake sale fata, kuma ƙunar takan faɗa a ƙirji da cinya, inda zufa ke hana ta warkewa. Zafi mai yawa yana buɗe jijiyoyin jini, matar da ta zubar da jini wajen haihuwa sai jiri ya kwashe ta a banɗaki. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, abin ya fi muni. A sirka ruwan har mutum ya iya ajiye gwiwar hannunsa a ciki ba tare da ya janye ba, mai jego ta zauna a kujera, ta sha ruwa kafin ta shiga, kada wankan ya wuce minti 15. Kuma ba sai an yi faɗa ba. "Inna, a ƙara sirkawa, likita ya hana mai zafi" ta wadatar, idan uwar miji ko maigida ne suka faɗa tun ranar jinga.

Na biyu kunun kanwa. Kanwar da ake kawowa daga yankin Tafkin Chadi tana kasuwa a wadace, masu wanka kuma suna zuba ta da hannu sake, don an ce tana kawo nono tana wanke ciki. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Lokacin ciki jinin mace yana ƙaruwa da kusan rabi, bayan haihuwa jiki na ƙoƙarin zubar da rarar ta fitsari da zufa, sai ga kanwa tana mayar da hannun agogo baya. Ga shi hawan jini yakan fi tashi tsakanin kwana na 3 da na 6. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a wurin masu jegon da ke haɗa kanwa da gashi mai tsanani. Kunun gero da tsamiya, ko na gyaɗa, yana yin aikin da ake nema. Abin da ke kawo nono shi ne yawan sa jariri a mama, tun daga dakashi, da cin abinci da shan ruwa. Farfesun ƙauri, hanta, kifin Binuwai, zogale, wake, duk a ba ta. Yaji kuwa a rage, domin mai ɗinki ko basir ita ke shan wuyarsa a bayan gida.

Wadda aka yi wa ƙari ko ta yage aka ɗinke, ruwa mai ɗumi kawai take bukata a baho mai tsabta, minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana, ta tsane wurin daga gaba zuwa baya. Zama cikin ruwa mai ƙuna, ko cusa wani haɗi, yana warware ɗinki ya jawo ruɓa. Wadda aka yi wa aiki kuwa, ba fyaɗa ganye a ciki, ba murza, ba ɗaurin zane mai matsewa a kan ciwon. Wasu masu wankan suna tambaya da kansu, "ta gaba ta haihu ko aiki aka yi?" Wadda ta yi wannan tambayar a riƙe ta da kyau.

Kuskuren da ya fi damunmu shi ne komai sai a ce sanyi ne, a ƙara wuta. Jinin biƙi ja ne kwana 3 zuwa 4, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, sannan fari-fari, yana iya kai mako 4 zuwa 6. Idan ƙunzugu yana jiƙewa sharkaf cikin awa ɗaya, ko guda-guda manya na fita, ko ya yi wari, ko zazzaɓi ya kai 38, asibiti za a nufa a lokacin. Haka ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, wanda ke gabatar jijjiga, da kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, da haki ko tari idan ta kwanta har sai ta tada kai da matashi. Matar da ta yini tana kuka, ba barci, ba ta son ɗaukar ɗanta, ita ma magani take bukata, ba zuga ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba mai jego cikin awa 24, a kwana na 2 zuwa 3, tsakanin kwana 7 da 14, sai a mako 6, ta kuma ci gaba da shan maganin ƙarin jini na mako 6 zuwa 12. Al'adar kulle har arba'in ba ta hana wannan fita. Wadda ta sayi takardar kula da lafiyar masu ciki, wato Chèque Santé, ta sefa 6,000, wadda ke aiki a jihohin Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa, kulawarta da ta jaririnta tana ciki har kwana 42 bayan haihuwa. A rubuta ranakun komawa a jikin katin awo, a nuna wa mai wankan tun ranar farko, don ta san safiyar da za ta zo da wuri.