Jan ƙasa, fadama ko ciko: wane fili za ka saya a Kaduna?

Yawancin masu neman fuloti a Kaduna da rani suke fita duba fili, lokacin da ko'ina ya bushe, ciyawa ta ƙone, mota tana shiga har bakin iyaka. Dillali ya nuna maka turaku, ya faɗi kuɗi, ka tambayi takarda, shi ke nan. Ƙasar da za ta ɗauki gidan ba a ko waiwayar ta. Ni dai in za a ji tawa, kada mutum ya biya sai ya taka filin a watan Agusta ko Satumba, ya kuma sa an haƙa masa rami ko na ƙafa biyar ne ya ga abin da ke ciki.

Jan ƙasa mai marmara, wadda ta fi yawa a kan tudu, ita ce zaɓina in gidan zama ake so. Tana da ƙarfi, ba ta cika kumbura da damina ta tsuke da rani ba, don haka fandishon da magina suka saba ya ishi gidan da ba bene ba. Ƙasar da aka tono ma takan yi cikon ɗakuna, kuɗin tifa ya ragu. Wahalarta wajen sokawe take. A wasu wurare marmarar ta daskare a ƙasa kamar dutse, ruwa ba ya ratsa ta, kuma in masu haƙa suka gaji suka tsaya a kanta, sokawen zai riƙa cika kamar randa. Gwajin ba wuya: cika ramin da ruwa, in ya tsotse ka sake cikawa, ka dawo washegari. In ka tarar da ruwan yana nan, ka san aiki na gabanka. Lambu kuwa sai an yi mata hidima, domin ba ta da ƙarfin taki kuma tana taurare wa da rani. Mangwaro, gwaba da zogale suna yi in an haƙa rami mai faɗi an cika da kashin shanu da ya ruɓe.

Fadama ita ce mai jan hankali, saboda araha. Baƙar laka ce ta gefen Kogin Kaduna da rafukan da ke zuba cikinsa. In alayyafo, tumatir, rake ko ayaba kake so, ba ka da kamarta. Amma gida? Lakar tana shan ruwa ta kumbura, rani ya zo ta dare, bango kuma ya bi ta. Wani ɗan'uwana ya gina ɗaki uku a irin wannan wuri, yana murnar ya samu da sauƙi. Damina biyu kacal, tsaga ta tashi daga kusurwar taga, danshi ya hau bango, fenti yana ɓarewa. Ruwan ƙasa na kusa, sokawensa ya cika tun ba a daɗe da tarewa ba. Har yau abin yana damuna, don da ya yi shawara da an gaya masa. Ana iya gini a fadama, amma sai da injiniya, da shimfiɗar kankare da rodi, da ɗaga daɓe sama sosai, kuma rarar da aka samu a kuɗin fili nan take tafiya. Ga ambaliya: mazauna Kigo Road da sassan Barnawa na bakin kogi sun san abin da kogin ke yi in ya cika.

Wanda na fi tsoro shi ne ciko, wato tsohon kududdufi ko bola da aka rufe da jan ƙasa aka baje. A ido lafiya lau. Ramin gwaji ne ke tona shi, sai ka ga leda da fasassun kwalabe. Tambayi dattawan unguwa me ke wurin a da. In sun ce kududdufi ne, nemi wani.

Inda dutse ke kusa da sama, kamar ta wajen Kujama, gini na zama daram, sai dai haƙa sokawe da rijiya zai ci kuɗi.

A kowace ƙasa, ka lura da tazarar rijiya da sokawe. Mita 30 ake so, alhali fulotin ƙafa 50 da 100 tsawonsa duka kusan mita 30 ne. Ke nan rijiya a gaba, sokawe can ƙarshen baya, sannan ka binciki inda na maƙwabta suke, don nasu ma rijiyarka zai iya gurɓatawa. Takarda a tantance ta a KADGIS, hukumar filaye ta jihar, izinin gini a nema a KASUPDA, hukumar tsara birane, in kuma bene ne a ranka, a kai ƙasar gwaji kafin a zana fandisho.